Likitancin gyaran rayuwa

Likitancin gyaran rayuwa reshe ne na aikin likita da ke amfani da sauya halayen yau da kullum wajen kare mutum daga cututtukan da ke daɗewa a jiki, ko rage musu kaifi idan sun riga sun kama shi. Cututtukan da aka fi nufa su ne hawan jini, ciwon sukari nau'i na biyu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ƙiba mai yawa. Fannin bai kore ƙwaya da allura ba, tare suke tafiya. Abin da ya bambanta shi da nasihar da kowa ke yi wa majinyaci shi ne ƙa'ida: likita zai auna halin da mutum ke ciki, ya rubuta masa abin da zai yi da yawansa, ya sa masa ranar dawowa, kamar dai yadda yake yi da magani.

Kwalejin Likitancin Gyaran Rayuwa ta Amurka, wadda aka kafa a 2004, ta ɗora fannin kan ginshiƙai shida: abinci mai yawan ganye, hatsi da wake, motsa jiki, isasshen barci, sarrafa damuwa, nisantar taba da giya da sauran kayan maye, da kyakkyawar mu'amala da jama'a. A cikinsu motsa jiki ne ya fi sauƙin aunawa, shi ya sa aka fi rubutu a kansa.

Asali

Binciken da aka saba farawa da shi na Jeremy Morris ne, wanda ya fito a 1953. Ya duba ma'aikatan manyan motocin haya masu hawa biyu na Landan, ya tarar direbobi, da ke wuni a zaune, sun fi kwandastoci kamuwa da ciwon zuciya, alhali su kwandastocin wuni suke yi suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, babban bambancin shi ne wane ne ke zaune.

Hujja mafi ƙarfi kan ciwon sukari ta fito a 2002 daga Amurka. An raba mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa zuwa rukuni uku. Waɗanda aka ɗora kan motsa jiki na minti 150 a mako da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwa da cutar ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da rukunin da aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Waɗanda aka ba ƙwayar ciwon sukari ta metformin kuwa, ragin kashi 31 ne. A 2007 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka da Ƙungiyar Likitocin Amurka suka fara wani shiri na sa likitoci su riƙa tambayar majinyaci yawan motsa jikinsa a kowace ganawa, kamar yadda ake gwada masa jini da zafin jiki.

Ma'aunin motsa jiki

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Yara 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar kimanin minti 60 kullum. 'Yan shekara 65 zuwa sama a ƙara musu atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 a mako don gudun faɗuwa. Ƙididdigar hukumar ta nuna a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba su kai wannan ma'auni ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane matsakaicin motsa jiki ita ce magana. Idan mai tafiya yana iya hira amma ba zai iya rera waƙa ba, ya kai. Idan kuma ba ya iya haɗa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani.

Tsokar da ke aiki tana zuƙar sukari daga jini ko da sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, bai wadata ba, kuma wannan amfani kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya gushe. Dalili ke nan da ake ce wa mai ciwon sukari kada ya wuce kwana biyu a jere bai motsa ba. Ga mai hawan jini, tafiya da sauri a kai a kai kan sauke lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8.

Likita da jikinsa

Bincike da dama, ciki har da wanda Erica Frank ta jagoranta kan likitoci mata a Amurka, ya nuna likitan da ke motsa jiki ya fi yi wa majinyaci maganarsa, majinyaci kuma ya fi yarda da shi. Matsalar ita ce tsarin aikin kansa. Likitan da ya kwana a bakin aiki, ya wuce ɗakin duba marasa lafiya ya tarar da layi har waje, karin kumallonsa lemon kwalba ne da biskit, da wuya ya sami ƙarfin gwiwar yi wa wani huɗubar barci da abinci. Shi ya sa masu wannan fanni ke ɗaukar lafiyar ma'aikacin asibiti a matsayin ɓangare na jinyar, ba wani abu na gefe ba.

A Kaduna

Masu hawan jini da ciwon sukari a Kaduna na ganin likita a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da ɗimbin ƙananan asibitoci. Wuraren motsa jiki na jama'a sun haɗa da Dandalin Murtala da Filin Wasa na Ahmadu Bello, amma yawancin mutane ba sa buƙatar zuwa can. Tafiyar minti 30 da ɗan sauri kimanin kilomita 2 da rabi zuwa 3 ce kawai.

A nan ne gwanintar likita ke bayyana. "Je ka riƙa motsa jiki" magana ce da ba ta kai ko'ina. Wanda ya san aikin zai tambaya ne:

"Baba, bayan Asuba me kuke yi?"

"Ina komawa in ɗan kishingiɗa, likita."

"To, a maimakon haka, ku zaga unguwa minti goma kafin ku shiga gida. Kullum. Bayan mako biyu mu mai da shi sha biyar."

Ya rubuta a kati, ya kuma tambaya idan Baba ya dawo. Ma'aikacin da ke hawa Keke Napep daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, ana iya ce masa ya riƙa sauka kafin ya iso ya ƙarasa da ƙafa. Matar da ba ta cika fita ba a tsara mata tafiya a tsakar gida, da tashi da zama daga kujera sau goma-goma. Shara da wanki na da nasu amfanin, amma ba kullum suke ɗaga numfashi yadda ake so ba.

Yanayi ma na da nasa hukunci. A watan Maris da Afrilu zafi kan tilasta a fita da sassafe ko bayan La'asar sakaliya, da ruwa a hannu. Ƙurar hunturu na tayar wa masu asma da ciwo. A watan azumi an fi so a yi tafiyar bayan buɗa-baki. Akwai kuma tsohon ra'ayin nan da ke ɗaukar tumbi alamar hutu da wadata, har mutum ya rage ƙiba da gangan 'yan'uwa su fara tambayar ko lafiya. Likitan da bai yi magana da iyalin ba, sau da yawa aikinsa a ƙofar gida yake tsayawa.

A ɓangaren abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano na cikin lissafin. Gero, dawa, acca, wake, zogale, rama da kuɓewa duk suna cikin abin da ake so. Inda ake samun matsala shi ne girman malmala, yawan mai, da sukarin da ake zubawa a shayi da kunu.

Masu buƙatar taka-tsantsan

Wanda ke jin ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi yayin motsa jiki ya tsaya nan take ya nemi likita. Mai shan ƙwayar ciwon sukari ta glibenclamide ko mai allurar insulin sukarinsa na iya faɗuwa, don haka ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, ya sa takalmi mai rufi, ya duba tafin ƙafarsa bayan ya dawo. Masu sikila su guji gajiya mai tsanani da ƙishirwa. Mai juna biyu da ba ta da wata matsala na iya yin minti 150 a mako. Kada kowa ya ajiye maganin hawan jini don awonsa ya sauka, likita ne ke rage shi bayan ya ga awon ya tsaya daidai na wani lokaci.