Girbin inabi a ƙananan gonakin Beaujolais da abincin bukukuwa

Beaujolais, wanda ake furtawa Bojole, yanki ne na tuddai a gabashin Faransa. Yana arewa da birnin Lyon, kudu da garin Mâcon, kogin Saône kuma yana bi ta gabashinsa. Ya samo sunansa daga garin Beaujeu, tsohuwar hedikwatarsa, amma babban garinsa a yau shi ne Villefranche-sur-Saône. An san shi da jar giyar inabi mara nauyi da ake yi da inabi iri ɗaya, Gamay, kuma yawancin masu nomansa iyalai ne masu 'yan hektoci, waɗanda da yawansu ke noma, su tsinke, su matsa, su ɗura a kwalba da kansu. Abin da ya bambanta giyarsu yana farawa ne tun daga hannun mai tsinka. Sai an kai nonon inabi cikin tanki cur, bai fashe ba, sannan ake samun giya mai sauƙin bauri, irin wadda Turawa da Amurkawa ke ɗorawa a teburin bukukuwan ƙarshen shekara.

Ƙasa da iri

A 1395 Philippe le Hardi, mai mulkin Bourgogne, ƙasar da ke arewa da Beaujolais, ya ba da umarnin a tumɓuke Gamay daga ƙasarsa, domin a ganinsa iri ne mara kyau da ke ɓata sunan Pinot Noir, irin inabin da ƙasarsa ke alfahari da shi. Gamay ya samu wurin zama a kudu, a kan ƙasar dutsen giranit ta arewacin Beaujolais. Ƙasar ba ta da ƙarfi, ba ta barin kuringa ta zuba 'ya'ya barkatai, kuma wannan shi ne abin da irin yake bukata. Kudancin yankin ƙasar laka ce da farar ƙasa, giyarta ta fi sauƙi.

Dokar Faransa ta raba yankin zuwa sunaye 12 masu rajista. Biyu na gama-gari ne, Beaujolais da Beaujolais-Villages. Sauran goma, da ake kira cru, suna arewa: Saint-Amour, Juliénas, Chénas, Moulin-à-Vent, Fleurie, Chiroubles, Morgon, Régnié, Brouilly da Côte de Brouilly. Régnié ne autansu, a 1988 ya shiga sahu.

Annoba biyu ta bar tabo a tarihin gonakin. Ta farko tsutsar wani malam-buɗe-littafi ce mai cin ganye, wadda Benoît Raclet na Romanèche-Thorins ya gano cewa ana kashe ta idan aka kwarara wa kututturen kuringa tafasasshen ruwa a lokacin sanyi. Ta biyu ƙwaron filoksera ne mai cin saiwa, da ya lalata gonakin Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Victor Pulliat na Chiroubles yana cikin waɗanda suka dage cewa mafita ita ce a yi wa kuringar Faransa aure da saiwar kuringar Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau a kan irin wannan saiwa ake dasa inabin yankin.

Sa ranar girbi

Tsofaffin manoma suna ƙirga kusan kwana 100 daga fitar fure zuwa tsinka. Ƙirgen ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Idan Agusta ta yi nisa, mai gona yana bi layi-layi yana tsintar 'ya'ya daga wurare daban-daban, ya matse su, ya ɗiga ruwan a wata 'yar na'ura mai auna sukari ta hanyar haske. Sukari giram 17 ko kusa da haka a cikin lita ɗaya shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na alkohol. Yana auna tsami kuma, ya tauna fata, ya duba ƙwaya: idan ta rikiɗe daga kore zuwa ruwan kasa, inabi ya nuna.

Akwai tsohuwar al'ada mai suna ban des vendanges, wato sanarwar hukuma ta ranar da aka halatta fara tsinka. Bayan sanarwar, kowa da nasa lissafi. Wanda ya yi gaggawa zai samu giya mai tsami da ƙanshin ɗanyen ganye. Wanda ya yi jinkiri yana caca da ruwan sama da ƙanƙara, ga fatar Gamay ba ta da kauri, ruɓa na saurin kama ta. Babban kamfani da ke sayen inabi daga gonaki ɗari zai iya jure asarar gona ɗaya. Ƙaramin manomi da ƙanƙara ta sauka a kan tudunsa na minti goma ya rasa wahalar shekara guda.

Da can girbi yakan faɗo a tsakiyar Satumba ko ƙarshenta. Yanzu yana matsowa gaba saboda ɗumamar yanayi. A 2003, shekarar da zafi ya addabi Turai, an fara tsinka tun cikin Agusta, kuma fara girbi a ƙarshen Agusta ya daina zama abin mamaki. Ɗumin ƙarshen hunturu yana sa kuringa ta yi toho da wuri, sai sanyi mai daskarewa ya dawo ya ƙona tohon, kamar yadda ya faru a gonakin Faransa da yawa a Afrilun 2021.

Aikin tsinka

Tsoffin kuringun Beaujolais ba a ɗora su a waya ba. Ana datse su ne gajeru, rassa huɗu ko biyar su buɗe kamar kofi, salon da ake kira gobelet, kuma ana dasa su a matse, har kusan 10,000 a hekta ɗaya. Injin girbi ba ya shiga irin wannan gona, balle a gangaren Chiroubles ko Côte de Brouilly. Ko da zai shiga, girgiza kuringa yake yi ya kakkaɓe 'ya'ya, abin da ake so kuwa nono ne cur da sandarsa. Shi ya sa har yanzu yawancin girbin yankin da hannu ake yi.

Ayarin masu tsinka kan fita da sassafe, kafin rana ta ɗumama inabi. Kowa da layinsa, da almakashi ko 'yar wuƙa mai lanƙwasa, da bokiti. Nonon yana ƙasa-ƙasa, wani ma dab da ƙasa, don haka a tsugune ko a durƙushe ake wuni. Mai tsinka zai ɗaga ganye da hannun hagu, ya tallafi nonon a tafinsa, ya datse sandar, ya juya shi ya duba. Idan akwai gefen da ya yi furfurar ruɓa, sai ya sassabe shi ya yar kafin ya sa a bokiti. Kafin azahar hannu ya yi danƙo da sukari, rina da zuma suna ta kewaya bokitin. Idan ya cika sai a yi kira, mai ɗauka ya zo da babban mazubi a bayansa, a juye masa, ya kai bakin gona inda tarakta ke jira. A gonakin da ke kula sosai, ana zuba inabin a ƙananan akwatuna don kada na sama ya danne na ƙasa, sannan a sake tsince shi a kan tebur a ƙofar ɗakin tankuna.

Aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a ƙaramar gona. Masu yinsa dangi ne, da ɗalibai, da 'yan ci-rani daga ƙasashe irin su Spain, Poland da Bulgeriya. Dokar Faransa ta tanadi wata takardar ɗaukar aiki ta musamman don girbin inabi, wadda wa'adinta ba ya wuce wata ɗaya. Bisa al'ada mai gona ne ke ciyar da ayarinsa ya ba su makwanci, kuma a daren ƙarshe a yi walimar da mutanen yankin ke kira revole. Bai kamata walimar ta rufe wahalar ba: a Satumban 2023 wasu masu tsinka sun rasu a gonakin Faransa lokacin tsananin zafi, musamman a yankin Champagne, abin da ya tayar da muhawara kan sa'o'in aiki da ruwan sha da masauki. Wani abin lura shi ne ba duk mai noma ne ke da gonar ba. Yankin yana da tsohon tsarin raba-daidai, vigneronnage, inda manomi ke yin aiki, shi da mai ƙasa su raba amfanin biyu.

Cikin tanki

Ana juye nonon inabi cikin tankin siminti ko na ƙarfe ba tare da an murƙushe shi ba. Nauyin na sama yana fasa na ƙasa, ruwa ya taru a gindin tanki, yis ɗin da ke jikin fata ya fara cin sukari yana fitar da iskar kabon dayoksaid. Iskar ta fi ta sarari nauyi, sai ta cika tankin ta kore iskar shaƙa. 'Ya'yan da ba su fashe ba, da suka rasa iska, sai su fara tsimuwa daga cikin kansu, har alkohol ɗinsu ya kai kusan kashi 2 cikin 100. A wannan hali launi yana ratsawa daga fata zuwa tsoka, wani ɓangare na tsamin yana raguwa, ƙanshin 'ya'yan itace yana tashi, amma sinadarin tanin kaɗan ne ke fita. Tanin shi ne mai kawo bauri, dangin abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita.

Sabuwar giya kwana huɗu ko biyar take yi a haka, ta cru kuwa takan kai mako biyu. Daga nan a tsiyaye ruwan, a kwashe 'ya'yan a matsa. Ruwan farko da ke fitowa daga matsa, mai zaƙi, shi ake kira paradis. Sai a haɗa biyun su ƙarasa tsimuwa.

Sabuwar giya ta Nuwamba

Tun asali masu gona suna sayar da giyar sabuwar kaka ga gidajen abinci na Lyon. A 1951 doka ta ba su damar fitar da ita kafin 15 ga Disamba. A 1967 aka tsayar da 15 ga Nuwamba a matsayin ranar fitowarta, a 1985 kuma aka mai da ita Alhamis ta uku a cikin watan Nuwamba. Ɗan kasuwa Georges Duboeuf, wanda ya rasu a 2020, shi ya fi kowa tallata wannan sabuwar giya, Beaujolais Nouveau, a duniya, Japan ta zama babbar kasuwarta a waje. A Beaujeu ana bikin Sarmentelles, a buɗe gangunan giya da tsakar dare.

Kuɗi ya shigo da sauri, amma yankin ya biya farashi. An cika kasuwa da giyar gaggawa, mai ƙanshin ayaba da yis ɗin kanti ke bayarwa, har mutane suka ɗauka duk Beaujolais haka take. Da kasuwar ta faɗi, aka tumɓuke gonaki masu yawa: yankin da ya haura hekta 20,000 a farkon shekarun 2000 ya dawo ƙasa da 15,000. Ƙananan manoma ne suka wanke sunan. Jules Chauvet, masanin kimiyyar sinadarai kuma ɗan kasuwar giya da ya rasu a 1989, ya koyar da tsimawa da yis ɗin gona da rage sinadarin salfa. Marcel Lapierre na Villié-Morgon, tare da Jean Foillard, Guy Breton da Jean-Paul Thévenet, suka bi wannan hanya, suka koma ga tsoffin kuringu da inabi nunanne.

Haɗawa da abincin biki

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Tanin yana kama furotin ɗin miyau, baki ya bushe. Kitse da jan nama suna tausasa wannan bushewa, gishiri yana rage ɗaci. Abinci mai zaƙi yana sa giya ta yi tsami a baki, barkono kuma yana ƙara zafi idan ya gamu da alkohol mai yawa. Saboda haka giya mai nauyi irin ta Bordeaux tana tafiya da gasasshen naman sa ko na rago, kamar cinyar ɗan rago da Faransawa ke ci ranar Ista, amma tana danne farin nama.

Teburin biki kuwa ba abinci ɗaya ba ne. A bikin godiya na Amurka, Alhamis ta huɗu a cikin watan Nuwamba, faranti ɗaya yana ɗauke da talo-talo, da miyar wasu jajayen 'ya'yan itace da ake kira kiranberi, mai zaƙi da tsami, da dankalin Hausa, da romo mai maiƙo. Giya mai bauri za ta yi karo da rabinsu. Gamay, da ƙarancin tanin da isasshen tsami, tana wanke maiƙo ba ta rufe ɗanɗanon tsuntsu ba. Sa'a ta kuma taimaka wa 'yan kasuwa, domin sabuwar giya tana fitowa mako ɗaya cif kafin bikin.

A Faransa babban cin abinci shi ne na daren 24 ga Disamba, réveillon. Akan gasa talo-talo da marron, wasu 'ya'yan itace masu ɓawo da ake gasawa, ko dandaƙaƙƙen zakara. Mafi daraja na Bresse ne, ƙasar da ke tsallaken Saône, wadda kajinta suka samu suna mai rajista a 1957. Da irin wannan tsuntsu an fi zaɓar Fleurie ko Chiroubles, masu laushi. Agwagwa, dinya da naman daji suna son Morgon ko Moulin-à-Vent, waɗanda ke iya yin shekaru a kwalba. Kek ɗin ƙarshe mai siffar gungumen itace ba ya jituwa da jar giya mara zaƙi. Ana shan Beaujolais da ɗan sanyi, wajen digiri 12 zuwa 14, na cru su ɗan ɗara haka.

Lafiya, doka da addini

Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya abin sha mai alkohol a rukunin farko na masu jawo cutar tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin sha da ba shi da haɗari ga lafiya. A Faransa dokar Évin ta 1991 ta taƙaita tallar barasa, an kuma hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Musulunci ya haramta giya, wasu ɗarikun Kirista ma suna ƙaurace mata. Wasu gonakin Beaujolais suna ɗura ruwan Gamay da bai tsimu ba, a dafa shi kaɗan don ya daɗe, a sayar wa yara da masu tuƙi da waɗanda ba sa sha.