Ba ƙoƙon koren kunkurun teku ne kore ba

Da jin sunansa, mutane sukan ɗauka ƙoƙon bayansa ne kore. Ba haka ba ne. Bayansa ruwan ƙasa ne, na wani ma ya fi duhu. Kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon shi ne kore, masana kuma suna danganta hakan da cimarsa: idan ya girma, ciyawar ƙarƙashin teku yake kiwo kamar saniya a fadama. Shi ya sa lalacewar ciyawar nan take damuna ƙwarai.

Wasu matan kunkurun da ke binne ƙwai a rairayin tsibirin Poilão na Gini Bisau sukan yi iyon kusan kilomita 1,000 zuwa makiyayarsu ta Banc d'Arguin a Muritaniya.