Tsintar dami a kala: neman tsofaffin littattafai a gwanjo

Wane irin gwanjo ake nufi?

A Ingila, coci ko makaranta ko ƙungiyar unguwa takan roƙi jama'a su kawo kayan da suka gama da su, a baje su a kan tebura a wani zaure, galibi ranar Asabar, kuɗin da aka tara su tafi aikin taimako. Masu sayarwa 'yan sa-kai ne, ba dillalai ba. Littattafai kuwa a kwali ake jibge su, kuɗinsu ɗaya, na jiya da na shekara tamanin. Wanda ya kawo su so yake ɗaki ya yi sarari, ba shi da lokacin bincike. Nan mai ido ke samun rabonsa.

Duk littafin da ya tsufa yana da daraja?

A'a, kuma nan sabon shiga ya fi faɗawa. Littafin wa'azi ko na makaranta da aka buga dubbai a ƙarni na 19 yana iya haura shekara 150 ba wanda ya taya shi, don yana ko'ina. Daraja tana zuwa ne idan littafin ya yi ƙaranci, masu nemansa suna da yawa, jikinsa kuma lafiya lau.

Dubi littafin farko na Harry Potter. A 1997 kamfanin Bloomsbury ya buga kwafi 500 kacal masu bangon kwali, kusan 300 daga ciki suka tafi ɗakunan karatu, yara suka yi ta juya su har suka tsufa. Yau kwafi ɗaya yana kaiwa dubban fam goma-goma. Littafin bai kai shekarun mutane da yawa masu karanta wannan ba.

To yaya ake gane bugun farko?

Buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi. A littattafan zamani za ka ga jerin lambobi kamar 10 9 8 7 6 5 4 3 2 1. Lamba mafi ƙanƙanta ita ce ke faɗin ko bugu na nawa ne a hannunka. Idan 1 na nan, ka dace. Idan jerin ya tsaya a 4, bugu na huɗu ne, komai abin da aka rubuta a sama. A tsofaffin littattafai sai ka gwada shekarar da ke gaba da ta baya, ka kuma duba ko an lissafa shekarun da aka sake bugawa.

Kuskuren madaba'a ma shaida ne. A wancan bugun Harry Potter na 1997, a shafi na 53, an rubuta sandar tsafi sau biyu a jerin kayan makaranta, daga baya aka gyara. Abin da marubuci ke jin kunyarsa shi mai tarawa ke buɗe littafi yana nema.

Idan babu shekara a jiki fa?

Littafin zai faɗa maka da kansa. In akwai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayansa ko a cikinsa, bai riga ƙarshen shekarun 1960 ba, in kuma lambobinta 13 ne, to sabo ne, domin a 2007 aka koma wannan tsari. Littafin Ingila mai farashi da sule da kwabo ya riga 1971, shekarar da ƙasar ta canza lissafin kuɗinta. Taɓa takardar ma. Wadda aka yi da tsumma kafin tsakiyar ƙarni na 19 takan zauna fara da ƙwari, ta itace da ta biyo baya ita ce ke yin ja tana karyewa a gefe.

Wane lahani ne ya isa a ajiye littafi?

Fara da hanci. Warin danshi yana nufin funfuna, ita kuwa tana bin sauran littattafan da ke kusa da shi, don haka ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani. Sai ka riƙe shi a tafin hannu, ka buɗe a hankali ka ji ko ɗinkin ya saki. Ƙirga hotuna da taswirori, domin akwai masu yanke su su sayar daban. Ɗigo-ɗigon ja a takarda ba komai ba ne in karatu kake so. Salatif shi ne abin takaici: mutum ya manna da kyakkyawar niyya, bayan shekara ashirin ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita.

Rigar takardar nan da ake naɗe bango da ita, kada ka raina ta. A littattafan ƙarni na 20, sau da yawa rabin darajar ko fiye a jikinta yake, don mutanen da can yar da ita suke yi da zarar sun kai gida.

Yaushe ya kamata a je, kuma ana ciniki?

Masu sana'ar suna layi tun ba a buɗe ƙofa ba. Amma idonsu kan saman tebur yake, ga gaggawa. Durƙusa ka jawo kwalin da ke ƙasa, ka ciro littattafan ɗaya bayan ɗaya, musamman sirara marasa suna a ƙeya. Dab da tashi kuma ana karyar da farashi, don ba mai son komawa da kaya.

In za ka duba waya, kada ka ruɗu da kuɗin da wani ya sa wa nasa a intanet. Nemi abin da aka biya da gaske, shafin saye da sayarwa na eBay na nuna wannan.

Ciniki kam, ni ba na yi a irin wannan wuri. Kuɗin na marayu ne ko na gyaran rufin makaranta, kuma an riga an yi maka araha. In ka tsinci abin da ka san ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba, miƙa wa dattijuwar da ke bayan tebur fiye da abin da ta ce, ka bar mata canjin.