Zana siffar vekta a manhajar gyara hoto: tambayoyi da amsoshi

Wai me ya raba siffar vekta da hoton da aka ɗauka da kyamara?

Hoton kyamara tarin ƙananan murabba'ai ne masu launi, wato fiksel. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana ɗauke da fiksel 2,073,600, babu ƙari. Idan ka ja shi ya yi girma, dole manhaja ta ƙirƙiro fiksel ɗin da babu su tun asali, shi ya sa yake yin dishi-dishi. Ita kuwa siffar vekta ba a ajiye ta ɗigo-ɗigo. Abin da ake ajiyewa umarni ne: fara daga nan, lanƙwasa zuwa can, rufe layin, cika ciki da ja. Duk sanda ka canja girmanta sai manhaja ta sake lissafi ta zana ta sabuwa fil. Dalilin ke nan da tambarin kamfani guda zai fito tsaf a kan ɗan ƙaramin kati, ya kuma fito tsaf a kan ƙaton allon talla.

Ai Photoshop da GIMP na fiksel ne. Me vekta ke yi a cikinsu?

Gaskiya ne, gidan vekta na asali shi ne irin su Illustrator da ya fito a 1987, da CorelDRAW na 1989, da Inkscape na 2003 wanda kyauta ne. Photoshop ya fito a 1990 don gyaran hoto, sai a sigarsa ta 6.0, shekarar 2000, aka ba shi leya, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a kan hoto, ta musamman mai riƙe siffar vekta. Amfaninta a nan shi ne ka ɗora kibiya, tambari ko wani zane a kan hoto, ka kuma iya dawowa gobe ka gyara shi ba tare da ya lalace ba.

Akwai abin da ke rikita sababbin hannu. Takardar aiki a Photoshop tana da ƙayyadadden adadin fiksel, don haka idan ka matso da kallo sosai za ka ga gefen siffar ya yi haƙora-haƙora. Siffar ba ta lalace ba, a kan takarda mai fiksel ake nuna maka ita. Ƙara wa takardar girma ka gani, gefen zai koma sumul. A GIMP kuwa, yadda aka saba shi ne ka zana layin vekta ya zauna a wurinsa daban, sannan ka ce a cika shi ko a bi shi da launi. Launin da ya sauka fiksel ne, layin ne kaɗai vekta.

Na danna alƙalami, wato abin zana layin vekta a manhaja, layi ya riƙa murɗewa yadda ya ga dama. Yaya abin yake aiki?

Ba yadda ya ga dama yake yi ba, lissafi yake bi, kuma lissafin ya girmi duk waɗannan manhajoji. Masana biyu a Faransa ne suka aza harsashinsa don zana jikin mota: Paul de Casteljau a kamfanin Citroën a 1959, da Pierre Bézier a kamfanin Renault, wanda ya yaɗa nasa aikin a shekarun 1960. Citroën ya rufe aikin de Casteljau a matsayin sirrin kamfani, sai sunan Bézier ya bi lanƙwasar har yau. Daga baya kamfanin Adobe ya gina harshen buga takardu na PostScript a kanta a 1984, daga nan ta shiga alƙalamin Illustrator.

Kowane yanki na layi maki huɗu ke juya shi. Biyu su ne ƙulli, inda yankin ya fara da inda ya ƙare, layin dole ya bi ta kansu. Sauran biyun su ne kan hannuwan da ke fitowa daga ƙullin. Layin ba ya taɓa su, janyo shi kawai suke yi, kamar yadda ake jan tsirkiyar baka. Inda hannu ya fuskanta, nan layi zai nufa idan ya bar ƙullin. Tsawon hannun kuma shi ne ƙarfin jan. Idan ka danna ka saki, ka sami ƙulli marar hannu, layi ya tafi miƙe. Idan ka danna ka ja kafin ka saki, hannuwa sun fito, layi ya lanƙwasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ja zuwa inda yake ganin tudun lanƙwasar zai kasance, alhali kamata ya yi ya ja zuwa inda layin zai ci gaba da tafiya. A Photoshop da Illustrator harafin P ke ɗauko alƙalami, a Inkscape kuma B.

Me ya sa lanƙwasata ke yin gargada, ba ta santsi irin ta ƙwararru?

Kusan kullum yawan ƙulli ne. Mai koyo yana tsoron layi ya kauce, sai ya riƙa dasa ƙulli kusa da kusa, kowanne kuma wuri ne da layi zai iya karyewa. Dubi da'ira: ƙulli huɗu kacal manhajoji ke zana ta da su, sama, ƙasa, dama da hagu, kowane hannu tsawonsa kimanin kashi 55 cikin 100 na nisan tsakiyar da'irar zuwa bakinta. A zahiri ba cikakkiyar da'ira ba ce a lissafi, amma bambancin ya yi ƙanƙantar da ido ba ya kama shi.

Daga da'irar nan za ka ɗauki dabarar da masu zana haruffa ke bi. Dasa ƙulli a ƙarshen tudu da ƙarshen kwari, wato inda lanƙwasa ta kai iyakarta ta sama, ta ƙasa ko ta gefe, ka riƙe Shift don hannuwan su tsaya a miƙe ko a kwance. Kowane hannu ya ci kamar sulusin tsawon yankin da yake ja, kada kuma hannuwa biyu su gitta juna. A ganina, idan ka gama siffa, aiki mafi amfani shi ne ka koma ka goge ƙulli ɗaya-ɗaya kana duba ko siffar ta canja. Wanda ka cire ba abin da ya motsa, dama bai da aikin yi a wurin.

Idan ina son lanƙwasa ta ƙare da kusurwa mai tsini, kamar ƙasan zuciya fa?

Ƙulli iri biyu ne. A mai santsi, hannuwan biyu na kan layi ɗaya, ka juya ɗaya ɗayan ya bi. A na kusurwa kowane hannu zaman kansa yake. Riƙe Alt, ko Option a Mac, ka ja hannu guda, sai alaƙar ta yanke. Wajen gyara kuma lura da kibiyoyi biyu na Photoshop: baƙa tana ɗaukar siffar gaba ɗaya, fara ce ke kama ƙulli ko hannu shi kaɗai. A Inkscape harafin N ke yin aikin farar.

Dole ne komai sai da alƙalami?

A'a, kuma sau da yawa ɓata lokaci ne. Jinjirin wata da'ira biyu ne, ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ka cire ta sama daga ta ƙasa. Gajimare da'irori ne da aka haɗe. Ayyuka huɗu ne ginshiƙi: haɗewa, cirewa, barin inda suka haɗu kaɗai, da fitar da inda suka haɗu. Lanƙwasar da ta fito daga da'irar manhaja ta fi wadda hannunka zai ja daidaito.

Na gama siffar da zan riƙa amfani da ita. Yaya zan ajiye ta?

A Photoshop ka zaɓi layin siffar, ka shiga Edit ka danna Define Custom Shape, ka raɗa mata suna. Za ta shiga jerin siffofin da ke ƙarƙashin harafin U. Ƙirar kaɗai ake ajiyewa, ban da launi, inuwa ko kaurin layin gefe. In za ka kai ta wata kwamfuta, fitar da ita a fayil mai ƙarshen .csh. Sa'ad da kake jawo ta a sabon aiki riƙe Shift, in ba haka ba za ta baje ko ta miƙe.

Manhaja ba za ta iya mayar mini da hoto ya zama vekta da kanta ba?

Za ta iya. Illustrator na da Image Trace, Inkscape kuma na da Trace Bitmap, wanda ke aiki da manhajar Potrace ta Peter Selinger. Ga zane baƙi a kan fari mai tsaftataccen gefe, irin sa hannu ko hatimi, sakamakon yakan yi kyau. Ga tambarin da aka kwafo ƙarami mai dishi-dishi kuwa, za ka sami ƙulli rututu, kusurwoyi sun dakushe, layin da ya kamata ya miƙe yana rawa. Gyara wannan ya fi sake zanawa wuya. Rage hasken hoton, sa shi a leyar ƙasa, kulle shi, ka bi samansa da alƙalami.

Na aika wa mai bugawa aikin, ya ce wai ba vekta ba ne. Ina aka samu matsala?

Wajen fitar da fayil. JPEG da PNG fiksel kaɗai suka sani, da zarar ka adana a cikinsu ƙulli da hannuwa sun tafi. Haka ma idan ka danna Rasterize, wato mayar da siffa fiksel, a kan leya, ko ka narkar da leyoyi suka zama ɗaya. Kuma saka PNG cikin PDF ba ya mayar da shi vekta. Masu riƙe vekta su ne PDF, EPS, fayil ɗin AI na Illustrator, da SVG wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar a 2001. SVG rubutu ne zalla; buɗe shi a Notepad za ka ga M inda layi ya fara, C inda ya lanƙwasa da lambobi shida a bayansa, Z inda ya rufe.

Kafin ka aika, duba abu biyu. Idan akwai rubutu, mayar da shi siffa, don in mai bugawa bai da irin haruffanka kwamfutarsa za ta musanya su da wasu. Amma ka riƙe kwafin da rubutun ke gyaruwa, domin bayan ya zama siffa ba a sake buga harafi a cikinsa. Na biyu, kaurin layin gefe ba kullum yake girma tare da siffa ba, ya danganta da saitin manhaja. Layin da ya dace a ƙaramin tambari zai iya zama siririn zare idan an ninka girman sau goma, don haka ko ka kunna saitin da ke sa shi girma tare, ko shi ma ka mayar da shi siffa mai ciki.