Damuwa ce ke kawo gyambon ciki?

An daɗe ana cewa yawan damuwa ne ke jawo gyambon ciki, har likitoci ma sun yi shekaru a kan haka. A 1982 likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ke haddasa mafi yawan gyambon. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2005. Yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin ma yana jawo shi.

Damuwa tana da nata laifin: tana hana barci, tana sa jini ya hau, tana tsananta raɗaɗin ciki. Amma mai gyambo gwaji yake buƙata da magani, bai kamata a sallame shi da "rage tunani" kawai ba.