Injin Cummins na China jabu ne? Amsa ga masu manyan motoci

Kusan kullum sai wani ya tsaya a bakin shagona da waya a hannu, ya nuna mini hoton murfin inji, ya yi mini tambayar da na amsa jiya da shekaranjiya: injin Cummins da ake ƙerawa a China jabu ne? Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Mene ne haɗin gwiwa a harkar ƙera inji?

Kamfani biyu su zuba kuɗi su kafa na uku. Ɗaya ya kawo zane da fasaha, ɗayan ya kawo fili da ma'aikata da kasuwa, su raba riba.

To Cummins ɗin China jabu ne?

A'a. Cummins kamfanin Amurka ne, tun 1919 yake a garin Columbus na jihar Indiana. Shi da kansa ya je ya yi haɗin gwiwa da Dongfeng, kamfanin motoci na China, rabi da rabi, masana'antarsu tana Xiangyang a lardin Hubei. Haka ya yi da Tata a Indiya tun 1993, a Jamshedpur. Akwai kuma na Foton a Beijing, mai ƙera ƙananan injuna ISF 2.8 da 3.8. Dukkansu da saninsa da hannunsa ake yin su. Don Allah a daina kiran su kwafi.

Howo fa, ba MAN ba ce?

Ba ita ba ce. Howo ta kamfanin Sinotruk na China ce. A 2009 MAN na Jamus ya sayi kashi 25 cikin ɗari na Sinotruk da ƙarin hannun jari guda, ya ba shi lasisin fasaha, daga nan aka samu injin MC11. Amma tifar Howo 371 da ta cika hanyoyinmu WD615 ne a cikinta, asalin zanensa kuma na Steyr ne na Ostiriya, tun shekarun 1980. I, Steyr ɗin da kuka sani a Bauchi.

Zan iya sa kayan Dongfeng Cummins a injina ɗan Amurka?

Nan ne nake son a nutsu, Alhaji, domin nan kuɗi ke ƙonewa. Wani abin yana shiga, wani ba ya shiga, wani kuma zai shiga lafiya ƙalau ya kashe maka inji bayan wata uku.

Ɗauki injin Cummins 6BT mai lita 5.9. Sunan ɗaya ne a Amurka da China da Indiya, amma an fitar da shi a ƙarfi iri-iri, wani na mota, wani na janareta, wani na katafila. Filta da gaskit da famfon ruwa sau da yawa sukan dace, ban ce kullum ba. Fistin da nozul da tarbo da famfon mai kuwa, kada ka kuskura ka saya da suna kawai. Ramin da ke kan fistin ya bambanta, yadda nozul ke fesa mai ya bambanta. Kwanaki wani bawan Allah ya dawo mini da fistin shida a buhu, kawunansu sun yi baƙi ƙirin. Makanikensa ya ce masa "6BT ai 6BT ne", ya sayo a wani wuri, motar ta yi ta hayaƙi tana shan mai har ta tsaya da kaya a hanya. Na tausaya masa ƙwarai, domin bashi ya ci ya yi gyaran.

In kuma injinka na zamani ne mai kwamfuta, to ka ƙara taka-tsantsan. An saita shi ne bisa dokar hayaƙi ta ƙasar da aka yi shi dominta, injektocinsa kuma ba sa jure gurɓataccen gas. Ko kayan sun dace, man da kake sha a bakin hanya zai iya cinye su.

Abin yi shi ne ka duba farantin ƙarfe da ke jikin injin. Akwai lambar inji mai alƙaluma 8, akwai kuma wadda ake kira CPL, wato lambar jerin kayan da aka haɗa injin da su. Da su ake neman kaya. In farantin ya ɓace, a kwance tsohon kayan a karanto lambar da ke jikinsa. Ko da hakan ma ba na rantsuwa, saboda injin ɗan Kwatano wataƙila an taɓa yi masa aiki da kayan wani kafin ya iso hannunka. Kuma jabu na gaske yana nan, a kwali mai kyau da tambari, ba daga masana'antar haɗin gwiwa ya fito ba. In farashi ya faɗi ƙasa da rabi, ajiye shi.

Me ya sa Turawa suka yarda su ba da fasaharsu?

Kasuwa. Har zuwa 2020 dokar China ba ta barin baƙon kamfani ya mallaki fiye da rabi a masana'antar manyan motoci, don haka mai son kasuwarsu sai ya yi haɗin gwiwa da kamfanin gida.

Ana ƙera injin a Najeriya?

Haɗawa ake yi. Dangote da Sinotruk suna haɗa motoci a Ikeja, kayan suna zuwa daga China. Mun ga irin wannan a da: NTM a Kano da Fiat, ANAMMCO a Enugu da Mercedes, Steyr a Bauchi. Abin yana ci mini rai, domin har yau ba mu kai ga zuba ƙarfen inji da kanmu ba, ga yaranmu kuwa a garejin Ƙofar Ruwa suna kwance shi su ɗaura kamar wasa.

In turo maka hoton injina?

Turo na farantin, ba na murfi ba. Ka sa yaro ya goge shi da tsumma da ɗan gas tukuna, ya haska da tocila, lambobin su fito sarai.