Fahimtar karatu da sauraren Turancin Ingilishi don jarabawa

Fahimtar karatu da fahimtar sauraro sassa biyu ne cikin huɗu da ake auna ɗalibi da su a jarabawar harshen Ingilishi, sauran biyun su ne rubutu da magana. A na farko ana ba mutum matani ya karanta ya amsa tambayoyi a kai cikin ƙayyadadden lokaci, a na biyu kuma a kunna mishi murya, hira ce ko darasin malami ko sanarwa, ya saurara ya amsa. Ba zancen hadda ba ne, babu littafin da za a ce ga shi daga nan tambayoyin za su fito, abin da kunne da ido sunka saba da shi ne kawai ake gwadawa, shi ya sa atisaye ya fi komi muhimmanci a cikinsu.

Matsayin Ingilishi a Nijar

A lakkol ɗin gwamnati yaro yana fara Angile, wato Ingilishi, ne in ya shiga kwaleji, aji na siziyem, ya yi shekara 4 ya rubuta shi a jarabawar birbe, in ya wuce lise ya ƙara shekara 3 ya sake gamuwa da shi a jarabawar bak. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na da sashen Ingilishi, akwai kuma cibiyoyi masu zaman kansu da ke ba da darasin marece. Kundin sake gina ƙasa da anka zartar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, to ka ga darajar harshen ta ƙaru ko a takarda. Amma dai tun kafin nan masu neman burs, wato tallafin karatu, da masu son aiki da ƙungiyoyin agaji, da ƴan kasuwar da ke bi ta Ƙonni su shiga Sakkwato, da ɗaliban da iyayensu ke turawa Akara su yi watanni suna koyon harshen, duk sun san amfaninshi.

Matsalar ita ce shekara 7 ɗin nan kusan duk da ido ake yin su. Aji ya cika maƙil, mushe ya rubuta matani a tabulo, yara su kwafe cikin kaye, a yi nahawu, a fassara kalmomi zuwa Faransanci, a tashi. Muryar Ingilishi guda da yaro ke ji ita ce ta malaminshi, sa'o'i kaɗan a sati. Sai ka samu ɗalibi a Tawa yana cin maki mai kyau a Angile, ya iya karanta shafi guda ya gane, amma a kunna mishi labaran minti biyu sai ya yi tsuru-tsuru.

Manyan jarabawoyin

TOEFL ta hukumar ETS ce ta Amurka, an fara ta 1964, ta koma ta intanet a 2005. Shekaru da dama makinta daga 0 zuwa 120 ne, kowane sashe 30, sai a watan Janairun 2026 anka sake mata fasali da sabon ma'auni na 1 zuwa 6, don haka mai atisaye da tsoffin littattafai ya duba sabon tsarin tukuna. IELTS ta fara a 1989, British Council da IDP ta Ostareliya da Cambridge ne ke riƙe da ita, makinta ya tsaya a 9, kuma jami'o'i da yawa tsakanin 6 da 7 suke nema. Saurarenta kashi 4 ne, tambaya 40, kamar minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Karatunta tambaya 40 cikin minti 60, dogayen matani 3 ga masu neman shiga jami'a. TOEIC ta fi karkata ga ma'aikata, tambaya 200 cikin awa 2, ɗari na sauraro a minti 45 ɗari na karatu a minti 75, maki daga 10 zuwa 990. Sakamakon TOEFL da IELTS shekara 2 yake aiki. Dukansu ana daidaita su da matakan nan shida na Majalisar Turai, masu auna ƙwarewa a harshe, A1 zuwa C2, waɗanda duk wanda ya taɓa jin zancen DELF, jarabawar Faransanci, ya san su.

Karatu

Nan ne ɗan Nijar ke da riba wadda bai cika sanin yana da ita ba. Tun bayan da Normawa sunka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci sunka kwarara cikin Ingilishi, kuma mafi yawan kalmomin ilimi, na kimiyya da shari'a da siyasa, asalinsu Faransanci ne ko Latin, to matanin jarabawa kuwa irin wannan harshen ne ya cika shi. Wanda ya yi bak zai gane government da population da environment ko ba a koya mishi ba. Abin da ke kayar da shi ƙananan kalmomi ne, irin su give up, put off, carry out, da ƴan kalmomin da sunka yi kama da na Faransanci amma ma'ana ta bambanta, kamar library da ba kantin littattafai ba ne, ko actually da ba ta nufin yanzu.

Masu bincike irin su Paul Nation na Niyu Zilan sun nuna sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin matani kafin ya karanta shi ba da taimako ba, kuma hakan na bukatar dangin kalmomi (wato kalma da rassanta) 8000 zuwa 9000 ga labari ko jarida. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne a yawaita karanta abu mai sauƙi, wanda bai wuce baƙuwar kalma ɗaya ko biyu a sakin layi ba, ya fi a ɗauko littafi mai wuya ana buɗe ƙamus kowane layi har a gaji a aje. Ga jarabawar kanta kuma dabara biyu ce, a bi matanin da sauri a gane inda ya dosa, sannan a koma a nemi amsar kowace tambaya a wurinta. Kuma amsar ba ta zuwa da kalmomin tambayar, juya su ake yi da gangan. A IELTS akwai irin tambayar nan ta gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a faɗa ba, wallahi ita ta fi ɓata wa mutane maki, don ɗalibi kan amsa da abin da ya sani a duniya, su kuwa abin da ke rubuce kaɗai suke tambaya. Minti 20 ga kowane matani, in tambaya ta ƙi a wuce.

Sauraro

Ribar Faransancin nan da an kunna murya sai ta gudu. Kalmar nation rubutunta ɗaya a harsunan biyu amma furucinta ya yi nisa, kunne bai san ta ba ko da ido ya san ta. Faransanci na ba gaɓoɓi nauyi kusan daidai, Hausa ma kowace gaɓa ana jin ta sarai, shi kuwa Ingilishi gaɓa ɗaya yake dannawa ya haɗiye sauran, ƙananan kalmomi irin su to da of da can su narke cikin maƙwabtansu, want to ta koma wanna. Ga thirteen da thirty, waɗanda ake son sakawa a lambar waya ko farashi don a kama mutum. Ga p da f da bakin Bahaushe ke gamawa, kuma abin da baki bai rarrabe ba kunne ma yakan sha wuya da shi. Wuri guda dai Hausa ta taimaka, mai rarrabe gajeren wasali da dogo ba zai daɗe ba ya kama bambancin ship da sheep, wanda mai Faransanci zalla ke fama da shi.

Atisayen da malamai sunka fi yarda da shi shi ne a ɗauki guntun sauti na minti ɗaya ko biyu mai rubutaccen matani, a saurara ba a duba ba, a sake, a rubuta abin da anka ji kamar dikten firamare, sannan a buɗe matanin a ga inda kunne ya zame, kuma galibi za a tarar kalmar sananniya ce, furucinta ne baƙo. Bayan nan a bi muryar ana maimaitawa da baki. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ran Lahadi. Kallon fim da fassarar Faransanci a ƙasa kuwa, a ganina hira ce kawai, ido ne ke aiki kunne na hutawa, in za a sa rubutu a sa na Ingilishi.

Akwai kuma zancen lafazi. Wanda ya saba da Ingilishin Najeriya ko na Gana ya samu abin kirki, amma jarabawa muryoyin Birtaniya da Amurka da Ostareliya take kawowa, dole a saba da su. A IELTS kana ganin tambayoyin kafin a kunna, ka ja layi ƙarƙashin abin da za ka nema, kuma kuskuren rubuta kalma na cinye maki ko ka ji daidai. Masu magana kan faɗi abu su gyara, a ce Talata sannan a ce a'a Laraba, mai gaggawa ya riga ya rubuta ta farko.

Kayan aiki

Shirin 6 Minute English na BBC kyauta ne kuma yana zuwa da mataninshi. Muryar Amurka tun 1959 ta fito da Ingilishi na musamman mai kalmomi kamar 1500 da ake karantawa a hankali, ya dace da masu farawa, sai dai kar a zauna kanshi don jarabawa ba ta jiran kowa. Masu shirya jarabawoyin na saka samfurin tambayoyi a shafukansu. Tunda forfe na da tsada kuma kuran na ɗaukewa musamman lokacin zafi, ɗalibai kan sauke sautukan in sun samu wifi su zuba a kat memuwar su tura wa juna ta WhatsApp ko Xender, wasu ma a fada suke yi, mutum huɗu ko biyar kan portabul guda ana dafa shayi, ɗaya na riƙe da matanin yana duba na sauran. Sati biyu ko uku kafin ranar sai a fara gwajin cikakkiyar jarabawa da agogo, da abin sa wa kunne, ba tsayarwa ba komawa baya.